Jari-Hujja da Ɓarawon Shanu: Tarken Ra'in Farfesa Femi Odekunle a Ma'aunin Karkarar Kankiya da Kusada

Gabatarwa



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin sunan Bayarabe, mutumin Ilesha, a kan takardar da ake gabatarwa a taron nazarin Hausa, alhali mutumin nan ba a san shi a fagen harshe ko adabi ba. Hujjata ita ce, Farfesa Femi Odekunle a Zariya ya yi ganiyar aikinsa na koyarwa da bincike, kuma tambayar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, watau me ke haifar da laifi a Nijeriya, wa ke aikata shi, wa kuma ake kamawa, ta riga ta fita daga ɗakin lacca ta shiga zauren kowane magidanci a ƙasar Katsina. Ya rasu ranar 29 ga Disamba 2020, kwana goma sha takwas bayan daren da aka kwashe 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun tunaninsa, a ba shi haƙƙinsa, sa'an nan a ɗora ra'insa a kan sikelin ƙauye irin Mawashi ta ƙaramar hukumar Kusada, a ga abin da ya iya ɗauka da abin da ya gagare shi.

Daga Badun zuwa Samaru

An haifi Odekunle a 1943. Ya yi digirinsa na farko a fannin nazarin zaman jama'a a Jami'ar Badun, ya gama a 1968, sa'an nan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1974. Wannan jami'a ba ƙaramin wuri ba ce ga masu nazarin laifuffuka, domin nan ne Thorsten Sellin ya kafa makarantarsa, Marvin Wolfgang ya gaje shi. Abin da aka san su da shi kuwa shi ne ƙidaya da awo. A 1972 suka fitar da binciken da suka yi a kan yara maza 9,945 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya, inda suka nuna cewa kamar kashi shida cikin ɗari na yaran ne suka aikata fiye da rabin laifuffukan da 'yan sanda suka rubuta. Wanda ya yi karatu a irin wannan gida yakan fito da girmama alƙaluma, da kuma sanin inda alƙaluma ke yin ƙarya.

Nijeriyar da ya komo ya tarar ta kuɗin mai ce da ta bayan yaƙin basasa. Dokar soja ta 1970 ta yanka wa ɗan fashi da makami hukuncin kisa, ana ɗaure mutane a jikin ganguna a bakin teku a Ikko ana harbewa jama'a na kallo, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a 1971. A ɗaya gefen kuma, ga jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti sun toshe tashar Ikko a 1975, ga binciken gwamnatin Janar Murtala Muhammad wanda ya sami goma daga cikin gwamnoni goma sha biyu na zamanin Gowon da hannu dumu-dumu a dukiyar jama'a. Ba a ɗaure ko ɗayansu a jikin ganga saboda wannan laifi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta lokacin kuwa ita ce matattarar masu ra'ayin sauyi, irin su Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, da Patrick Wilmot wanda gwamnatin Babangida ta kora daga ƙasar a 1988. A wannan tukunya tunanin Odekunle ya dahu. Ya kai matsayin farfesa a cikin shekarun 1980, kuma shi ake ambata a matsayin farfesan nazarin laifuffuka na farko a Nijeriya.

Ginshiƙin ra'in

Maƙalar da ta fito da shi fili ita ce ta 1978 a mujallar Contemporary Crises, wadda ta danganta matsalar laifi a Nijeriya da tattalin arzikin jari-hujja. Domin a gane nauyinta sai an san da wa take jayayya. A 1973 Marshall Clinard da Daniel Abbott sun fitar da littafi a kan laifi a ƙasashe masu tasowa, wanda suka gina bisa binciken da suka yi a Kamfala ta Uganda. Matsayinsu shi ne, yawaitar laifi abokin tafiyar ci gaba ne: in gari ya bunƙasa, 'yan ci-rani suka kwararo, zumunci ya yi rauni, kayan sata suka yawaita, to dole laifi ya ƙaru, kamar yadda ya faru a Turai. Watau dai ciwon haƙoran yaro ne, alamar girma.

Odekunle bai karɓi wannan ba. A wurinsa ba kowane irin ci gaba ne ke haifar da wannan annoba ba, irin wanda Nijeriya ta ɗauka ne: tsarin da ya mai da tara abin duniya ma'aunin mutunci, ya kwaɗaitar da kowa, sa'an nan ya toshe wa mafi yawan mutane halattacciyar hanyar samu. Na ƙasa ya yi sata don matsi da ganin abin da wasu ke fantamawa da shi, na sama ya yi don ya sami dama kuma ya san ba mai taɓa shi. Doka da ɗan sanda da alƙali da gidan kaso kuwa duk an saita su ne a kan na ƙasa, ga shi kuwa ɓarnar na sama ta fi yawa nesa ba kusa ba. Tushen wannan magana tsoho ne. Willem Bonger, mutumin Holan, ya yi ta tun 1905, Edwin Sutherland ya ja hankalin masana ga laifin manya a 1939, kuma a shekarun 1970 wasu samarin masana a Ingila da Amurka sun sake tayar da ita. Abin da Odekunle ya yi shi ne ya ɗinka mata riga daidai jikin ƙasar da jarinta ba na masana'antu ba ne, na kwangila ne da lasin shigo da kaya da kusanci da gwamnati.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Harshensa ya riga ya raba ɓarawon tsaye da ɓarawon zaune, daga baya ya ƙaro ɓarawon biro. Abin da ya rage shi ne a tabbatar da zancen da hujjar ilmi a gaban waɗanda ke ganin maganin sata shi ne ƙarin harsashi, kuma wannan ne aikin da Odekunle ya yi. A shekarar da ta biyo, 1979, ya fitar da wata maƙalar inda ya auna aikin 'yan sandan Nijeriya da ma'aunin da ya kamata a auna su da shi, watau hana laifi da gano mai laifi da kyautata hulɗa da jama'a, ya same su da rauni ƙwarai. Sa'an nan shi ya tace takardun taron ƙungiyar masana zaman jama'a na 1982 a kan cin hanci, waɗanda Maɗaba'ar Jami'ar Badun ta buga a 1986. A ganina waɗannan ayyuka uku su ne duwatsun murhun da sunansa ke zaune a kai. Lokaci kuma bai ƙaryata su ba. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, Mike Okiro, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan sanda fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Wanda ya karanta Odekunle ba zai ji wannan a matsayin labari ba.

Gwaji a Mawashi

To, bari mu bar Samaru mu kama hanyar Kano zuwa Katsina, mu ratse a ƙasar Kankiya da Kusada. Na zaɓi wannan yanki da gangan. Ba ya cikin ƙananan hukumomi takwas da aka fara kira na bakin daga, watau Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa, waɗanda ke maƙwabtaka da dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara da Kaduna. Ƙasar noma ce mai cike da mutane, wadda ta jingina da iyakar Kano. Wutar ta iso ta ne daga yamma a hankali, kuma a ƙarshen 2025 har ta tsallaka zuwa Tsanyawa da Shanono a jihar Kano.

A ɗauka an wayi gari an kore wa wani manomi a Mawashi shanun huɗarsa guda biyu. Ga wanda bai san karkara ba wannan satar dabba ce kurum. Ga manomin kuwa an ɗauke garma da amalanke, an ɗauke taki, an ɗauke ajiyar da zai aurar da 'ya da ita, an kuma ɗauke kuɗin huɗar da yake yi wa maƙwabta a farkon damina. Me ra'in Odekunle zai ce? Zai ce a daina kallon yaron da ya kwance igiya, a bi shanun. Lalle nan ra'in yana da ƙarfi. Sa ba ya shiga aljihu. Sai da mai ba da labari daga cikin gari, wanda yanzu ake kira infoma, sai da mai ɓoyewa, sai da dillali a kara wanda zai rufe ido ya karɓi la'ada, sai da mai babbar mota, sai da wanda zai ɗage shinge a hanya, sai da mahauci a wani birni mai nisa. Gwamnatin Katsina ta amsa wannan da kanta a ƙarshen Agusta 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya hana fitar da shanu a mota daga jihar, ya dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ya kuma taƙaita sayar da fetur a jarka, kafin a katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku a watan Satumba. Wanda ya rufe kasuwa don ya yaƙi ɓarawo ya yarda ke nan cewa satar kasuwanci ce. Haka nan garkuwa da mutane ta mai da ɗan Adam haja mai farashi, ana tayi ana albarka, kuma da wuya a sami misalin da ya fi wannan dacewa da zancen Bonger cewa tsarin riba yana kashe tausayi.

Amma daga nan sikelin ya fara rinjaya ɗaya gefen. Tambayata ta farko ita ce ta wuri da lokaci. Jari-hujjar da ke Batsari ita ce a Daura, talaucin da ke Faskari bai fi na Baure ba, amma wani wuri ya ƙone wani bai ƙone ba. Haka kuma kasuwa ta daɗe da shiga karkarar Katsina. Polly Hill ta nuna a littafinta na 1972 a kan Batagarawa yadda ake sayar da gona da ƙwadago da hatsi, da yadda tazara take tsakanin mai shi da maras shi. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita, ya nuna a 1983 yadda mulkin mallaka da kasuwar gyaɗa da auduga suka raunana garkuwar talaka daga yunwa. An yi farin 1973, an yi annobar shanu ta 1983, an sha matsin tsarin gyaran tattalin arziki daga 1986. Duk da haka ba a ga rundunonin babura ɗauke da manyan bindigogi ba sai daga wajen 2011 a Zamfara, sa'an nan Katsina. Dalilin da ke nan ko'ina kuma kullum ba zai iya shi kaɗai ya bayyana abin da ya ɓullo a wani wuri a wani lokaci ba. Dole a shigo da daji da nisansa daga hukuma, da makaman da suka bazu a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, da zinariyar Zamfara, da arhar babur da wayar hannu. Mai kare Odekunle zai ce ai waɗannan duk 'ya'yan jari-hujja ne. Na ji, amma in kalma ɗaya ta haɗiye komai, to ta daina nuna komai.

Ta biyu, kuma wadda na fi ba nauyi, ita ce maganar rushewar hukunci. Rikicin nan bai fara a matsayin yaƙin maras shi da mai shi ba. Ya tsiro ne daga gona da burtali da mashaya, daga makiyayin da aka ci tararsa fiye da ɓarnar da ya yi, da manomin da aka cinye masa amfani bai sami diyya ba, da 'yan sa-kai da suka riƙa yanke hukunci a kasuwa bisa kamannin fuska, da ramuwar gayya da ta biyo baya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe wurare, Ruma da Kukar Jangarai na cikin na farko-farko, amma gonaki suka yi ta cin su. Talaka ne ke kashe talaka, kuma kowannensu yana da labarin zaluncin da aka yi masa. Ra'in da ya raba jama'a gida biyu, na sama da na ƙasa, ba shi da wurin ajiye wannan gaba.

A nan akwai abin da masu ra'ayin sauyi na Zariya ba su so su kalla ba, kuma ina faɗin haka ne da girmamawa. A zamanin En'e, in an yi sata a ƙauye, akwai wanda za a tambaya. Mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa, dagaci ya san mai unguwa, hakimi ya san dagaci, arɗo ya san rugagensa domin shi ake bi a karɓi jangali, sarkin pawa ya san abin da aka yanka. Ana bin sawu, kuma garin da sawu ya ɓace a cikinsa sai ya yi bayani. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, gwamnatin Balarabe Musa kuma ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna a 1979. Kada a fahimce ni a karkace. Tsarin nan cike yake da zalunci, kuma ba don wasa ba aka kafa NEPU a 1950. Tsofaffinmu sun san bulalar dogari da ƙwacen jangali. Rushe shi daidai ne. Abin da ba a yi ba shi ne gina wani a gurbinsa. An cire idon da ke ganin kowa, aka kawo ofishin 'yan sanda guda a hedkwatar ƙaramar hukuma, da ma'aikatan da sau da yawa ba su san hanyoyin ƙauyukan ba. Hakimin Kankiya da na Kusada suna nan da rawunansu, ana kiransu taron tsaro, amma ba su da ɗan doka ko guda. Odekunle ya auna 'yan sandan tarayya ya ga gazawarsu, sai dai ya auna su ne a matsayin hukuma da ke nan tana aiki ba daidai ba. Matsalar Mawashi da ire-irenta ta wuce nan: yawancin lokaci hukumar ba ta nan sam.

Wannan ya kai mu ga maganar hujja. Masanin laifuffuka na zamanin Odekunle da alƙaluman 'yan sanda da na kotu da na gidan yari yake aiki, ko da yana sukar su. Manomin da muka yi misali da shi kuwa da wuya ya je caji ofis, don ya san zai sayi takarda da biro, ya zuba mai a mota, ƙarshe ya haɗa asarar sa da ta akuya. Zai je wurin mai unguwa, ko 'yan banga, ko malamin da zai yi masa addu'a, ko ya nemi wanda ya san wanda ya sani a biya a karɓo. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disamba 2024, wadda aka yi ta hanyar tambayar magidanta, ta nuna cewa kamar kashi 36 cikin ɗari ne kawai na gidajen da aka yi wa fashi suka kai ƙara ga 'yan sanda, ta ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya cikin shekara guda a kan naira tiriliyan 2.2, ta kuma sa Arewa maso Yamma a kan gaba. An yi gardama mai zafi a kan waɗannan alƙaluma, amma ko an rage su, saƙon bai sauya ba: abin da ke cikin littafin 'yan sanda kan kada ne kawai ya leƙo daga ruwa. Ilmin da aka gina a kansa ilmin birni ne.

Akwai kuma wanda aka zalunta. Mazhabar da Odekunle ya fito daga cikinta ta fi tausaya wa mai laifi na ƙasa, tana ganinsa a matsayin wanda tsari ya tura. A Ingila ma sai da wasu daga cikin jagororinta, irin su Jock Young, suka dawo a farkon shekarun 1980 suka amsa cewa sun yi sakaci, domin talaka shi ne ya fi kowa shan wahalar laifin talaka. Wanda duk ya ga matan da suka baro ƙauyukansu suna bara a titunan Katsina ba ya bukatar a karanta masa wannan. Kuma a yi hattara da ɗaukar hoton ɗan fashin Eric Hobsbawm na 1969, mai ƙwace na azzalumi ya ba talaka, a liƙa wa mutanen dajinmu. Wanda ke sa wa ƙauye harajin noma kafin a shiga gona, ya sake sa na girbi, ba ɗan tawaye ba ne, sabon hakimi ne maras littafin shari'a.

Malami a fada

Wani ɓangare na rayuwar Odekunle ya cancanci tarke na kansa. Shi ne darekta na farko na cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana laifuffuka a Afirka, wadda aka kafa a Kamfala, garin da Clinard da Abbott suka yi binciken da ya soka. Daga baya ya zama mai ba Laftanar-Janar Oladipo Diya shawara a gwamnatin Abacha. Da aka zargi Diya da shirya juyin mulki a Disamba 1997, aka haɗa da shi aka kama, bai fito ba sai 1998 bayan rasuwar Abacha. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da halin gidan kaso ya ɗanɗana shi da jikinsa. A 2015 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa shi cikin kwamitin ba da shawara kan yaƙi da cin hanci ƙarƙashin Farfesa Itse Sagay, yana cikinsa har rasuwarsa.

Ba na cikin masu cewa malami ya tsaya a allo kada ya kusanci masu mulki; wanda ya san magani bai kamata ya ɓoye shi ba. Amma akwai tsaka mai wuya da ba za a tsallake ba. In tsarin ne da kansa ke haifar da laifi, kamar yadda maƙalar 1978 ta nuna, to me kwamiti zai gyara a cikinsa? In kuwa kwamiti na iya gyara, ashe dokoki da hukumomi da halin shugabanni suna da nasu nauyi dabam da tsarin tattalin arziki, kuma ra'in na bukatar a faɗaɗa shi. Ni ina ganin aikinsa na baya ya fi rubutunsa na farko gaskiya a wannan gaɓa. Illar ita ce tunanin nasa ya warwatsu cikin mujallu da takardun taro da rahotannin gwamnati, ɗalibi a Katsina ko Dutsin-ma sai ya sha wuya kafin ya tattaro su. Littafin da ya fi shiga hannun ɗalibai a Arewa shi ne na Abdulrahman Bello Dambazau na 1999, wanda ya yi digirinsa na digirgir a wannan fanni a Jami'ar Keele a 1989, kuma littafin koyarwa ne, ba na kafa ra'i ba.

Rabonmu a cikin aikin

Giɓin da na nuna ba na Odekunle ba ne shi kaɗai, har da mu masu nazarin Hausa. Dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 daga ta Sudan aka kwaikwayo ta, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Rabe-raben laifi da masana ke aiki da su daga nan suka fito. Mutumin Kusada kuwa da nasa rabe-raben yake rayuwa. Ya bambanta laifi da zunubi da abin kunya, kuma zalunci a wurinsa ya fi sata muni. Ya bambanta sane da ɓarawo da ɗan fashi, ya san ƙauraye a Katsina da 'yan daba a Kano ba abu ɗaya ba ne da 'yan tauri, ko da tushensu ya haɗu. Kalmar da ya zaɓa ya kira mutanen daji da ita, ko ɓarayin shanu, ko 'yan bindiga, ko 'yan ta'adda, ko kuma ya ce Fulani kurum, ita ke nuna maganin da zai yarda da shi, kuma ta ƙarshen nan ta jawo asarar rayukan da ba su ji ba ba su gani ba. A ɓangaren rashawa ma haka ne. M. G. Smith ya yi rubutu tun 1964 a kan tarihinta a sarautun Hausa, amma har yanzu iyakar da ke tsakanin gaisuwa da goro da toshiyar baki tana jiran wanda zai zauna ya shata ta daga bakin masu bayarwa da masu karɓa. Waƙoƙin Muhammadu Gambo Fagada, wanda aka sani da mai waƙar ɓarayi, taska ce ta yadda ɓarawo ke kallon kansa da jarumtarsa da mai dukiya. Mun nazarce su ta fuskar salo da jigo, masanin laifuffuka kuwa bai ji su ba don ba da harshensa aka yi su ba.

Bukatar wannan aiki ta gaggawa ce, domin ana yanke shawarwari da rayukan mutane ba tare da shi ba. Gwamnatin Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a farkon 2017, ta sake yi a 2019, duka biyu suka warware. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, wadda a wata fuskar komawa ce ga ɗan doka ɗan gari da aka soke shekaru hamsin da suka wuce. A 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama, Jibiya a kan gaba, suka ƙulla nasu sulhun a matakin al'umma. Kowace daga cikin waɗannan tana ɗauke da nata ra'in a ɓoye game da asalin laifin: mai sulhu yana ganin ƙorafi ne, mai runduna yana ganin rashin tsoron hukuma ne, mai rufe kasuwa yana ganin riba ce. Ra'in Odekunle yana goyon bayan na ukun, yana kuma gargaɗin cewa muddin ba a taɓa ɓarawon zaune ba, sulhu da na tsaye hutun rabin lokaci ne. Abin da zai raba gardama shi ne binciken da za a yi gunduma gunduma, a Mawashi da Kofa da Yashe da Rimaye, a rubuta shanu nawa aka kora, ta wace hanya suka bi, wa aka kai wa ƙara, me ya yi, nawa aka biya, kuma a yi tambayoyin da Hausa da Fulatanci.